Yadda Ake Haɗa Babur a Gida da Kayan Tsince-Tsince da na Ƙirar Hannu

Babur ɗin da aka haɗa a gida, inji daga nan, ƙafar gaba daga can, sirdi da madagadi ƙirar hannu, yana iya tafiya lafiya lau kamar wanda ya fito daga kwali. Yana kuma iya zama abin da ke janye mai shi hagu, yana cinye kaca duk wata biyu, yana kaɗa kai da zarar gudu ya wuce kilomita 60. Awo ne ya raba su biyun. Tayar gaba, tayar baya, wuyan shasi (bututun da kan babur ke juyawa a cikinsa) da haƙoran kaca dole su zauna a layin da ya dace kafin a ɗora sandar walda a ko'ina. Saboda haka a nan za mu fi daɗewa a kan awo, ado kuwa mu wuce shi da sauri, don kowa ya san irin kyan da yake so.

Abin saye da abin ƙira

Raba kayan gida biyu tun ran gini tun ran zane. Duk abin da karyewarsa za ta kayar da kai a tsakiyar titi, saye za ka yi: wuyan shasi, fok ɗin gaba, kan babur, aksul, birki, rim da fok ɗin baya mai riƙe da tayar baya. Abin da za ka ƙera da hannunka shi ne bayan shasi inda sirdi ke zama, farantin sirdi, madagadi, akwatin batir, maƙalan fitila, farantan da ke riƙe inji, salansa, sai tanki idan hannunka ya faɗa a walda.

Mafi sauƙin hanya ita ce ka samo shasi ɗaya mai lafiya ka gina komai a kansa. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ana samun tsoffin shasi da ƙarafa, sababbin kayan gyara kuma suna nan a shagunan 'yan babur na kowane gari. Kafin ka biya kuɗi, goge wuyan da tsumma da fetur ka duba lambar da aka buga a jiki. Idan an kankare ta, ko an yi walda a kanta, bar shi ko da kyauta ne, domin ba ka san ta inda ya fito ba. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar shasi da lambar inji. Da su za ka je ofishin lasin ka yi rajista ka karɓi lamba, su ne kuma jami'an duba ababen hawa da 'yan sanda za su tambaya a hanya.

Sai ka duba lafiyar ƙarfen. Fenti da ya tsattsage ko ya yi ƙoƙo a bayan wuya alama ce ta an taɓa yin karo da shi. Zura dogon rodi miƙaƙƙe ta cikin wuyan, ka zura wani ta ramin da fok ɗin baya ke juyawa, ka koma baya ka hanga: na wuya ya tsaya cak a tsaye, na bayan ya kwanta sosai. In ɗaya ya karkata, shasin ya murɗe, kuma gyaransa da wuta da guduma ba ya ɗorewa.

Inji

Shawararmu ga mai farawa ita ce inji irin na Honda CG125 ko ɗaya daga cikin kwafinsa na Sin da suka cika kasuwa. Honda ta fito da shi a 1975 bayan injiniyoyinta sun ga yadda masu babura a ƙasashe masu tasowa ke daɗewa ba su canja baƙin mai ba, har saman inji ya ci kansa. Sai suka sauko da kam, wato sandar da ke buɗe bawul, ƙasa kusa da mai, suka sa sanduna su riƙa tura bawul. Ga shi da juriya, ga kayan gyaransa ko'ina. Na 125 faɗin silindarsa milimita 56.5 ne, tafiyar fistin milimita 49.5. Kwafin 150 faɗinsa milimita 62 ne da tafiya iri ɗaya. A jikin injin Sin za ka ga lamba kamar 156FMI, wato na 125, ko 162FMJ, wato na 150. Wannan lambar ta fi bakin mai sayarwa gaskiya.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, tsohon inji ba ya rasa abin gyara. Amma a san girman matsalar. Cire fulogi ka auna matsi: wajen psi 150 (psi ma'aunin matsin iska ne) lafiya ce, ƙasa da 110 kuwa ringi ko bawul sun gaji. Kwance babban murfin da ke ƙasa ta hagu ka zaro 'yar rariyar mai. Baƙin datti ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli na nufin boris ko giya na cinyewa. Kama haƙorin kaca na gaba ka girgiza. Idan sandar da yake kai tana motsi sama da ƙasa, sai an tsaga injin biyu. Saita bawul inji na sanyi, milimita 0.08 duka biyun. Fulogi irin D8EA, ratarsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Baƙin mai 20W-50 kusan lita ɗaya, wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan ɗinsa, domin kulocin a cikin mai yake iyo, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi.

Girman inji ya dace da shasi da birki. Ɗora injin 200 a kan shasin ƙaramar Jincheng mai ɗan gangan birki neman magana ne. Haka injin roba-roba mai kwantacciyar silinda, a rataye yake ta sama da kusoshi biyu, ba zai zauna a shasin CG ba sai an sake ginin tsakiyar gaba ɗaya.

Wani abu da ake yawan mantawa: shasin CG a buɗe yake ta ƙasa, injin ne ke cike gurbin, shi ma ƙashi ne a jikin babur. Don haka babu maƙali ko ɗaya da za a bari, har da na saman kan silinda wanda wasu ke cirewa wai don ya fi kyan gani. Cire shi na jawo girgiza, daga baya kuma tsagewa a maƙalan baya. In ramuka ba su yi daidai ba, yanki kwali ka fitar da surar farantin, ka kwafa a ƙarfe mai kaurin milimita 4 zuwa 5, biyu-biyu hagu da dama, ka haɗa su ka huda tare don ramukan su zo ɗaya. Kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu kawai za ka sa. Amma kada ka huda ramin ƙarshe tukuna, sai ka karanta batun layin kaca.

Wuya, fok da ratar ƙasa

Nan ne rai yake. Ƙafar gaba a ɗauko ta gaba ɗaya daga babur guda: fok biyu, maƙalansu na sama da ƙasa, aksul, taya, faifan birki, kalifa mai matse faifan, da famfon birkin hannu. Masu tsinto kowanne daban su ne ke ƙarewa da faifan da ba ya tsakiyar kalifa, ko fok mai kaurin milimita 27 a cikin maƙalin 30 an cusa gwangwani don ya kama. Haɗin famfo da kalifa ma da lissafi: famfo mai faɗin fistin da ya yi wa kalifa yawa yana sa liba ta yi tauri kamar itace, birkin kuma ba ya kamawa. Wanda ya yi kaɗan kuwa, liba za ta taɓo hannu kafin taya ta tsaya.

Abin da yawanci ba ya dacewa shi ne sandar da ke ratsa wuyan shasi, ko dai tsawo ko kauri. Maganinsa a kai wa mai injin tana ya danne sandar asali ta shasinka ya fitar, ya dasa ta a maƙalin ƙasa na sabon fok, ko ya sassaƙa zobe ya cike bambancin. Ba a yanke sandar nan a ƙara mata tsawo da walda.

Yanzu awo biyu. Na farko kwanciyar wuya, wato yadda wuyan ya jingina baya daga tsaye. A baburan hawa na yau da kullum tana tsakanin digiri 25 zuwa 28. Wayar hannu mai manhajar auna kusurwa ta isa ta nuna maka. Na biyu shi ne wanda za mu kira ratar ƙasa. Tsayar da babur cak a kan siminti mai sumul, tayoyi a ƙasa, mutum a kai. Jingina miƙaƙƙen katako a gefen wuya, daidai da tsakiyarsa, ka bi layin har ƙasa ka yi alama da alli. Sannan ka saki zare mai nauyi daga tsakiyar aksul na gaba, ka yi alama ta biyu. Alamar wuya za ta faɗo a gaba, ta aksul a baya. Tsakaninsu ita ce ratar, kuma ita ce ke sa kan babur ya koma tsakiya da kansa. Ana son ta tsakanin santimita 8 da 11.

Ga misali. Rim mai inci 18 da taya 2.75, daga aksul zuwa ƙasa wajen santimita 30 ne. In wuya ya kwanta digiri 27, fok kuma ya fito gaban layin wuya da santimita 4.5, ratar za ta zo kusan santimita 10. Madalla. Kwantar da wuyan nan zuwa digiri 35 irin na dogayen baburan Amurka, ba ka canja komai ba, ratar ta haura santimita 15: kan ya yi nauyi, yana faɗawa gefe a ƙaramin gudu, juyawa a lungu ta zama aiki. Ɗaga baya da dogayen shokozoba kuma ka rage tsawon fok, ratar ta sauko ƙasa da santimita 7: babur ya yi saurin juyawa, amma a babban gudu rami ɗaya ya isa ya sa kan ya fara kaɗawa hagu da dama har ya fizge daga hannu. A ƙiyasi, duk santimita biyu da rabi da ka ƙara a gaba ko ka rage a baya, wuya na ƙara kwanciya da kusan digiri ɗaya. Ashe ke nan canja shokozoba daga mai tsawon milimita 320 zuwa 350 ba ado kaɗai ba ne, sai an sake awo.

Yanke wuya a sake kwantar da shi kuwa, ba aikin tsakar gida ba ne. Sai da teburin ƙarfe mai riƙe komai a wurinsa da gwanin walda. Kuskuren digiri ɗaya zuwa gefe ya isa ya sa tayoyi biyu su daina bin sawu ɗaya har abada. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Boris ɗin wuya a sa masa giris sosai, a ɗaure har girgiza ta ɓace amma kan yana faɗawa gefe da nauyinsa in an ɗaga tayar gaba. In yana maƙalewa a tsakiya, kofunan sun yi rami, a canja.

Tayar baya da layin kaca

Tsarin aikin a jere yake, kuma in an juya shi sai an sake. Fara da sa tayar baya a tsakiyar shasi. Ja zare biyu, ɗaya kowane gefe, su taɓa gefen tayar baya a wuri biyu su miƙe har gaban tayar gaba. Da taya 3.00 a baya da 2.75 a gaba, za ka ga 'yar rata ta wajen milimita 3 tsakanin zare da tayar gaba, kuma dole ta zama ɗaya hagu da dama. In ba ɗaya ba ce, gyara da bushin aksul. Mai tana ya sassaƙa maka su daga ƙarfe cikakke, fuskokinsu a miƙe. Tara wosha biyar a madadin bushi ɗaya na sa aksul ya saki.

Kada ka manta da ɗan bututun da ke cikin cibiyar taya tsakanin boris biyu. In babu shi, ko ya yi gajere, ɗaure aksul zai matse boris ta gefe, cikin 'yan kwanaki ya fara kuka. In aksul da cibiya ba na babur ɗaya ba ne, lambar boris ce ke warware matsalar: 6301 raminsa milimita 12 ne, bayansa 37, 6201 rami 12, baya 32, 6202 rami 15, baya 35, 6302 rami 15, baya 42. Auna aksul, auna gurbin, ka nemo wanda ya haɗa su.

Bayan taya ta zauna, sai inji ya biyo ta. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar haƙorin kaca na baya, ya miƙe zuwa na gaba. Ya kwanta a kan fuskokin biyu ba tare da rata ba. Kuskuren ya tsaya ƙasa da milimita ɗaya. Matsa inji hagu ko dama har ya dace, sannan ka huda ramukan farantan ka yanka bushinsu. Kacar da ba ta layi tana cin gefe ɗaya na haƙora, tana ƙara, wata rana ta sauka ta fasa murfin inji ko ta kulle taya. A bar aƙalla milimita 5 tsakanin kaca da gefen taya.

Kacar waɗannan injuna lamba 428 ce, haƙoran gaba da na baya su ma su zama 428, kuma a saye su sababbi tare. Raba haƙoran baya da na gaba ka san halin babur: 38 a baya da 15 a gaba ya ba da 2.53, gudu a kwalta. 41 da 14 ya ba da 2.93, ƙarfin tashi da hawan tudu da yashi, amma inji zai riƙa kuka a doguwar hanya.

Ga gwajin da mutane kaɗan ke yi. Cire shokozoba biyu, ka ɗaga tayar baya da hannu a hankali. Kaca ta fi tsananin ɗaurewa lokacin da haƙorin gaba, mahaɗin fok ɗin baya da aksul suka zo layi ɗaya. A daidai nan ta kasance da sauran sassauci kamar santimita ɗaya. Mayar da shokozoba ka auna abin da ya zama. Yawanci santimita 2 zuwa 3 ne, shi ne awonka na kullum. Tun da shokozoba suna a cire, ci gaba da ɗaga tayar har iyakar inda za su matse, ka tabbata da sauran santimita 2 tsakanin taya da madagadi ko ƙasan sirdi. Wayoyin da aka bi da su ta nan su ne taya ke fara cinyewa.

In birkin baya na ganga ne, sandar da ke hana farantin birki juyawa ita ce komai. Kusarta ta kasance da noti da fil mai tsaga. Mahaɗin feda kuma ya zauna kusa da inda fok ɗin baya ke juyawa, in ya yi nisa, duk ramin da ka faɗa birki zai kama da kansa.

Yanka da walda

Bututun da ya dace shi ne baƙin ƙarfe mai kaurin bango milimita 2 zuwa 2.5, faɗin milimita 22 ko 25. Fayif ɗin ruwa mai farin shafe ba ya cikin lissafi: shafen tutiya ne, hayaƙinsa na sa zazzaɓi, kuma yana ɓata walda. Na kujeru da gadaje shi ma bangonsa bai kai ba, sanda na taɓa shi zai huje.

Yanke bayan shasi a bayan maƙalan shokozoba, kada a gabansu. Don lanƙwasa sabon baka, cika bututu da busasshen yashi ka daddage, ka toshe bakin biyu da itace, ka gasa wurin har ya yi ja, ka naɗe shi a jikin wani abu mai zagayen da kake so. Yashin ya bushe ƙarau, a soya shi a kasko in ta kama. Danshi a rufaffen bututu mai zafi tururi ne, yana harbo toshiyar kamar harsashi.

Ba a haɗa bututu biyu baki da baki haka kawai. Zura guntun ƙarfe mai tsawon santimita 8 zuwa 10 a ciki, rabi nan rabi can. Huda rami mai milimita 8 a kowane ɓangare ka cike shi da walda ya kama na cikin, ka bar ratar milimita 2 a mahaɗar, ka zagaye ta. Inda bututu ya haɗu da wani ta gefe, a goge bakinsa da magagari ya rungumi ɗan'uwansa, ratar kada ta kai milimita ɗaya. Cike gibi da narkakken ƙarfe ba ƙarfi ba ne.

Da injin walda na sanda, E6013 mai milimita 2.5 a wutar amfiya 60 zuwa 80 ta isa wannan kauri. Ɗiga ko'ina tukuna, ka sake duk awon da aka yi a sama, sannan ka cika, kaɗan hagu kaɗan dama, domin walda tana jan ƙarfe zuwa inda ta huce. Bar shi ya huce da iska, kada a kwara ruwa. Kafin ka taɓa shasin, haɗa guntaye biyu na irin bututun ka matse a bayis ka sa guduma. In waldar ce ta ɓalle ta bar ƙarfe fes, wutar ba ta shiga ba, kai aikin wurin gwani, ba abin kunya ba ne. Cire batir da CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa tartsatsin fulogi, kafin walda, ka maƙala wayar ƙasa kusa da inda kake aiki don kada wuta ta ratsa boris ta ƙona shi. A wuraren da ke ɗaukar nauyi kada a goge walda da giranda don ta yi sumul.

Tanki

Tsohon tanki da ya yi shekara a bushe ma yana fashewa, domin tururin fetur na maƙale a haɗe-haɗensa da cikin tsatsa. Wanke shi da ruwan zafi da garin sabulu sau uku ko huɗu, ka cire murfi da famfon mai, ka cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi waldar, sannan a kunna wuta. Sabon tanki ana yinsa da fallen ƙarfe mai milimita 1.2, a fitar da surar da kwali, a fara da ramin ƙasa da ke hawa kan ƙashin bayan shasi. Waldar gas ta fi dacewa da wannan siririn ƙarfe. Gwajin yoyo da famfon keke ake yi, iska kaɗan, psi 2 zuwa 3, a shafa ruwan sabulu a nemi kumfa. Iskar mai faci za ta kumbura shi kamar ƙwarya.

Tanki a kan roba yake zama, gaba da baya. In an ɗaure shi ƙarfe da ƙarfe girgiza za ta tsaga maƙalan. Famfon mai ya kasance a wuri mafi ƙasa kuma sama da kafireta, tunda mai da nauyinsa yake gangarowa. Murfi na buƙatar ɗan ramin shaƙar iska. Babur da ke mutuwa bayan tafiyar minti biyar, ya tashi da an buɗe murfi, ramin nan ne ya toshe. Juya kai har ƙarshe hagu da dama, a samu wurin babban yatsa tsakanin hannu da tanki.

Sirdi ba shi da wuya: faranti mai milimita 1.5 a naɗe gefensa don kada ya yanka leda, soso mai tauri santimita 5 zuwa 6, mai ɗinkin kujerun mota ya rufe. Tsayinsa daga ƙasa wajen santimita 75 zuwa 80.

Wayoyi

Kayan wuta su zo daga gida ɗaya da injin: kwil ɗin cikin inji, CDI da rektifaya mai daidaita wutar cajin batir. CDI iri biyu ne, mai shan wuta kai tsaye daga inji da mai sha daga batir, kuma sau da yawa soket ɗinsu kama ɗaya. In an musanya, ko dai babu tartsatsi ko ya ƙone. Yawancin injunan nan suna bin launin Honda: kore ƙasa ne, ja daga batir, baƙi wutar bayan makulli, baƙi da ja daga kwil mai ba CDI wuta, shuɗi da fari ko shuɗi da rawaya daga mai ba da siginar tartsatsi, baƙi da rawaya zuwa kwil ɗin fulogi, baƙi da fari na kashewa, rawaya na caji. Duk da haka a tabbatar da mita, don wasu kamfanoni na saɓawa.

Fiyus na amfiya 10 zuwa 15 ya zauna dab da batir. Wayar fitilu mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5 ta isa, ta sitata kuwa mai kauri ce. Haɗi a yi shi da dalma ko soket, murɗa waya a naɗe da salatif ba ya wuce damina ɗaya. Ja koriyar waya ta musamman zuwa fitilar gaba, kada ka dogara da wuta ta bi ta boris ɗin wuya. Inji na aiki, mita a kan batir ta nuna bolt 13.5 zuwa 14.5. Sama da 15 rektifaya ta mutu, za ta dafa batir ta ƙona ƙwai. Ita rektifayar a ɗaure ta inda iska ke bugu.

Kafireta da salansa

PZ26 ta dace da 125, PZ27 da 150, PZ30 da 200. Babbar kafireta a ƙaramin inji ba ta ƙara gudu, sai dai shaƙewa in an murɗa totur. Ɗan buɗaɗɗen matacin iska mai kama da mazurari yana da kyau a hoto, amma a ƙurar hunturu ringi ne ke biyan kuɗin. Gara a ƙera akwati a sa soso mai ɗan mai a ciki.

Duk lokacin da aka buɗe hanyar iska ko aka sa salansa mai sakin hayaƙi, mai ya yi wa iska kaɗan, inji ya ɗau zafi. Ƙara babban jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta, mataki ɗaya ko biyu, misali daga 95 zuwa 100. Ɗan sukurun saitin haɗin mai da iska a fara da zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu daga rufe. Yi tafiya mai ɗan nisa ka cire fulogi: ruwan ƙasa kamar shayi da madara daidai ne, fari fat mai ya yi kaɗan kuma bawul na cikin haɗari, baƙi mai toka mai ya yi yawa. Tas-tas a salansa in an saki totur yawanci iska ce ke shiga ta bakin silinda; sa sabon zoben tagulla. Salansar a riƙe ta wuri biyu, na bayan da roba, in ba haka ba nauyinta zai karya kusoshin kan silinda.

Gwaji kafin fenti

Haɗa babur gaba ɗaya ba fenti, domin sai ka sake yanka wani abu. Ɗaure kusoshi da awo: mai milimita 6 wajen Nm 10 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), mai 8 wajen 25, mai 10 wajen 45. Iskar taya psi 25 a gaba, 29 a baya. Man birki DOT 3 ko DOT 4 daga rufaffiyar kwalba, a fitar da iska har liba ta yi tauri. Tayar da inji, ka juya kai har ƙarshe ta kowane gefe. In ƙarar inji ta ƙaru, kebur ɗin totur ya yi gajere ko ya maƙale, kada ka hau sai an gyara.

Sa hular kwano, ka nemi fili ko hanyar da babu mutane. Gwada kowane birki shi kaɗai a gudun tafiyar ƙafa. A gudun kilomita 30 sassauta riƙon hannu ka ji: in yana ja gefe ɗaya, koma kan zare biyun nan. Ƙara gudu goma-goma. Kaɗa kai in ya fara, sassauta totur a hankali, kada ka damƙi birkin gaba, sannan ka duba iskar taya, boris ɗin wuya, bushin fok ɗin baya da ratar ƙasa, a jere haka.

Bayan kilomita 50 a sake bin kowace kusa da sifana. In komai ya zauna, a wargaza, a goge da samfefa, fentin ƙasa biyu, launi biyu ko uku. A tanki a rufe da fenti mai ƙyalli na haɗi biyu irin na masu fentin mota, don na gwangwanin fesawa fetur na narkar da shi. Wurin mayarwa, kankare fenti a duk inda wayar ƙasa za ta zauna da fuskokin da inji ke haɗuwa da shasi, in ba haka ba fentin zai murƙushe kusoshi su saki. Shasi ya fi kyau da fenti mara kauri, don tsaga ta nuna kanta. A kilomita 500 na farko a juye baƙin mai, a wanke rariya, a sake saita bawul da kaca, sannan a bi kowace walda da tocila. Siririn layin tsatsa a gefen walda tsaga ce ta fara, a ajiye babur ɗin har sai an buɗe wurin an sake waldar.